Hular Rotil ta Fatar Akuya

Cikin duk motocin da suka ratsa hannuna, ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Isuhu ya shigo garajinmu da jar motarsa ba. A Konni ne, bakin hanyar Tawa, da bazarar shekarar da aka karya darajar sefa. Na rubuta wannan ne saboda ku da kuka shigo sana'ar daga baya, kuka tarar ana sayen kayan gyara a kanti kamar gishiri.

Garajin na Patron Mamman Dogo ne. Patron shi ne mai wuri, shi ke magana da masu motoci. Ƙarƙashinsa akwai mai inji, akwai mai wuta, sai ni Sha'aibu, mai ƙafa. Mai ƙafa shi ke kula da duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Abincinmu kuwa kusan duka a hannun Alhaji Isuhu yake, domin manyan motocinsa masu ɗauko siminti daga Malbaza wurinmu ake gyara su. Ran da ba su zo ba, dara muke yi a gindin bedi, wato dogon yaro.

Jar motar ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, irin ta gudu da Turawa ke so. Daga Kwatano ya sayo ta. Tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, cikinta kuma kusan yana shafar ƙasa. Alhaji mutum ne mai jiki. Sai da ya fara miƙo hularsa ta taga, Patron ya karɓa, sannan ya fito da ƙafa ɗaya, ya huta, ya fito da sauran.

"Mamman, motar ga tana kuka," in ji shi. "Tun daga Badagishiri, ƙyas-ƙyas kamar gadon kara."

"Badagishiri, Alhaji? Da wagga?"

"To da mi zan tahi? Da jaki?"

Ramin garajinmu don manyan motoci aka yi shi, bakinsa da tudu, motar ba ta iya hawa. Kirik ɗin ɗaga mota ma ya ƙi shiga ƙarƙashinta. Na ari hauya wurin maƙwabci, na haƙa rami a gefenta, na zura kirik a ciki, sannan ta ɗagu.

Ga wanda bai sani ba, rotil gaɓa ce. Mutanen Sakkwato bol-joyin suke ce mata. Kan ƙarfe ne mulmulalle da ke juyawa cikin ƙoƙonsa, kamar ƙashin cinyar akuya a mazauninsa, ita ke barin taya ta hau ta sauka ta juya. Ana cika ta da giris, a rufe da ƴar hular roba don kada giris ya fita, kada yashi ya shiga. Motar Alhaji huɗu gare ta a gaba, biyu sama, biyu ƙasa. Na girgiza kowace, ƙarfen lafiya lau, bai fara wasa ba. Hulunan ne suka tsattsage duka, giris ya bushe, yashi ya fara zama. In aka bar su haka, kafin damina ƙarfen ya cinye, shi kuwa babu irinsa ko a Yamai.

Na yi wa Patron bayani, Patron ya yi wa Alhaji, ko da yake Alhaji yana tsaye ya ji nawa.

"Ku ji ni da kyau," in ji Alhaji. "Wagga mota ita ce idona. In kun iya ta, kun iya manya. In ba ku iya ta, akwai garaji a Tsarnawa, sun daɗe suna gaishe ni."

Patron da kansa ya tafi Sakkwato da tsohuwar roba a aljihu. Ya dawo da dabino kaɗai, babu roba. Ya ce kowane ɗan kasuwa sai ya juya robar, ya ce sai dai a aika Ikko, su ma su aika Turai. Na gwada ta Fijo, ta yi faɗi. Na yanka tsohon tib na taya na ɗaure, ana murɗa sitiyari ya yage.

Sai na tuna da Baba Nomau, baduku ne a bayan kasuwa, yana ɗinka guga da kube da jakar mafarauta. Na kai masa robar.

"Mi ke nan? Hular ɗan tsana?"

"Hular gwiwar mota ce, Baba."

"Mota na da gwiwa?"

"Huɗu, a gaba kaɗai."

"Allah shi sawwaƙe," in ji shi, ya jawo fatar akuya.

Ya auna da zare, ya yanka, ya ɗinka, ya juya ɗinkin ciki. Da ya gama, ya lakato man shanu daga wani ƙoƙo ya murza kowace har ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Haka dukawa ke yi wa fata don kada ta bushe ta karye. Tun ina yaro haka nake gani, ban ga abin tambaya ba.

Na kwance noti, na bugi gefen ƙarfe har rotil ta saki. Na wanke kowace da gazuwal, man manyan motoci, na shanya, na cika da sabon giris. Na sa hular fata, na ɗaure da waya sama da ƙasa, na bar mata ɗan sarari yadda za ta lanƙwasa in taya ta juya. Muka fita gwaji ni da Patron, muka bi ramuka da gangan. Tsit.

Da Alhaji ya zo, ban ɓoye masa ba. Ya durƙusa da ƙyar ya leƙa.

"Hwatar akuya, Sha'aibu? Ga motar Turai?"

"Ranka ya daɗe, akuyar ta Konni ce, ta san hanyar Badagishiri."

Bai yi dariya ba, amma ya miƙa wa Patron hularsa, ya shiga, ya tafi.

Ba a yi mako ba ya dawo. Wannan karon bai cire hula ba, da ita ya fito, ta karkace.

"Mamman! Kukan ya dawo, har da ƙanensa."

Na koma ramin da na haƙa, na ɗaga motar. Babu hular fata ko ɗaya. Waya kaɗai ta rage a ɗaure, da ɗan guntun fata a ƙarƙashinta, bakinsa zarto-zarto. Giris ɗin ma an taɓa shi, amma da alama bai yi daɗi ba. Na daɗe ina kallo kafin in fito.

"Alhaji, ina motar ga take kwana?"

"Mi ya kawo wagga tambaya?"

"Aiki ne ya kawo ta."

"Cikin mangaza, ɗakin ajiyata. Ka so in bar ta waje yara su zana mata suna da ƙusa?"

"Me ke cikin mangazar?"

"Wake. Da hatsi kaɗan."

Patron ya dubi sama. Mai wuta ya tuna yana da aiki a bayan gida.

"Ɓeraye ne, Alhaji," na ce. "Sun ji man shanu."

"Ɓerayena sun shekara cikin mangazar nan ba su taɓa cin mota ba, sai da kunka sa mata miya." Ya gyara hularsa. "Na bar ta nan. In kun gama, za ta koma ta kwana inda ta saba. In anka sake ci, ran Litinin direbobina Tsarnawa za su tsaya."

Patron ya ce ko a roƙi Alhaji ya sauya mata wurin kwana. Na ce mutumin da ke zuwa Badagishiri da wannan mota ba ya sauya shawara. Ya ce ko mu ba shi aron kyanwa. Na ce a bari in ga Baba Nomau.

Na zuba masa guntayen a gaba. Ya ɗauki ɗaya ya duba ɗinkin.

"Ba ɗinkina ne ya saki ba."

"A'a, Baba. Ɓera ne."

"To ya san abu mai kyau." Ya ajiye. "Kai ma da laihinka, ɗana. Ka ce mini mota. Mota waje nike ganinta. Da ka ce mini abin rumbu ne, da ban sa man shanu ba. Jakar da ke kwana rumbu dabam ake yi mata."

Ya sake ɗinka huɗu. Wannan karon ya ɗauko wata kwalba daga rataye, man ƴaƴan bedi ne, wanda ake shafa wa salka da igiyar fata in za a ajiye su kusa da hatsi. Warinsa kaɗai ya isa ya raba kasuwa. Ya jiƙa fatar da shi, ya ce in ɗanɗana in ina shakka. Na ce na yarda.

Na sake wanke rotil ɗin daga farko, domin yashi ya sake shiga. Na ɗaure, Alhaji ya aiko aka ɗauka. Kwanakin nan ba wanda ya taɓa dara a garajin. Patron yana zaune bakin hanya, duk babbar motar da ta taho daga wajen Malbaza sai ya miƙe.

Ran Asabar da hantsi jar motar ta shigo. Alhaji ya miƙo hula ta taga. Na ɗaga, na kwanta, na duba su ɗaya bayan ɗaya. Duka huɗu suna nan. Ta ƙasa a hagu ce kaɗai ke da sawun haƙori, guda ɗaya, mai shi bai ƙara ba. Na nuna wa Alhaji.

"Ya ɗanɗana ya bari?"

"Ya bari, ranka ya daɗe."

"Motar tana wari, Sha'aibu. Hajiya ta ce ba ta shiga."

"Warin zai ragu da damina."

"Bar shi, kada ya ragu," in ji shi. Ya juya wajen Patron. "Abin da ɓera ya ƙi, ni na yarda da shi. Akwai manya guda biyu sun taso daga Malbaza, ɗaya birki, ɗaya ba ta tashi sai da turi."

Abin da na koya shi ne, mai mota zai gaya maka kukan da take yi, har ya kwaikwaya maka da baki. Zai gaya maka inda ya sayo ta da gudun da take yi. Ba zai gaya maka tana kwana da wake ba, domin a wurinsa wannan ba ciwo ba ne. Baduku ma zai yi maka aiki mai kyau, amma na abin da ka faɗa masa. Tun daga ranar, duk motar da aka kawo mini, kafin in ɗauki sifana sai na tambayi inda take kwana. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka ɓarawo ne ni. Ina jira har su amsa.