Ƙyamaren Saura-Kaɗan

A layin da shagonsa yake, in ka tambayi kafinta za a nuna maka mutum uku. In ka ce Saura-Kaɗan, ko akuya ta san ƙofar. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk abin da ya ƙera, tebur ne ko ƙyaure, sai an kai inda za a kafa sannan a ga yana neman gyara, shi kuwa ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Saura kaɗan." Ya fere nan, ya cusa ɗan katako can, abu ya zauna. Aikinsa ba ya lalacewa; akwai gadajen da ya yi tun yana saurayi, har yau ana kwana a kansu. Amma sunan ya bi shi har furfura, kuma yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa. Ko yayarsa, wadda ta goya shi, da shi take kiransa.

Da wani shagon kayan ɗaki ya rufe, sai ya sayi tsohon zarton lantarki, irin wanda ake turawa a kan doguwar sandar ƙarfe don ya tafi sak. Zarton ya zo, sandar ba ta zo ba. Bai damu ba. Ya samo dogon falle na katako, ya kafe miƙaƙƙiyar tsinkiya, wato siririn katako, a kansa daga wannan kai zuwa wancan, yadda gindin zarton zai jingina da ita yana tafiya. A ƙarƙashi ya buga guntaye biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su zama tokare. Duk katakon da aka tura ya daki tokaren, faɗinsa ɗaya zai fita da na ɗan'uwansa. Ya sa wa abin suna jagora.

"Baban yara," in ji matarsa, ranar da ta kawo masa abinci ta tarar yana shafa shi da tafin hannu, "ko ni ban samu wannan lallashin ba."

"Wannan ne zai cire mini sunan nan," ya ce.

A lokacin Yaya ta gama ginin gidanta, saura ƙyamare bakwai ta tare. Ya je ya auna faɗin kowace ƙofa daga sama, inda hannunsa ke kaiwa yana tsaye, don gwiwa ta daɗe da fara masa gardama. Duk awo ɗaya. Ya dawo ya yanka. Da ya jera ƙyamaren a jikin bango ya bi gefensu da yatsa, sai ka ce katako ɗaya ne, ba wanda ya fi wani ko da ƙwayar zarra. Ya aika wa Yaya cewa ta zo da kanta ta gani, kuma ta zo da shaidu.

Ta kuwa zo da maƙwabta biyu.

Ƙyauren farko ya shiga daga sama lafiya lau, ƙasa ya cije. Na biyu haka. Ya ɗauki na farko ya kai ƙofa ta uku, ya juya shi, ya kifa shi. Ko ta ina, ƙasa ke cijewa. Gumi ya keto masa. Ya sake auna ƙyauren, sama da ƙasa daidai. Kalmar nan ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Faɗe ta mana," in ji Yaya. "Mun san tana nan tafe."

Maƙwabtan suka rufe baki da gyale.

Ya koma shago ya zargi jagora. Ya ja zare daga kai zuwa kai, tsinkiya tana miƙe. Ya zargi zaren, ya canza wani. Ya zargi tef ɗin awo, ya aro na kafintan da shagonsa ke kallon nasa. Har idonsa ya zarga, ya rufe na dama ya duba, ya rufe na hagu ya duba. Komai daidai, kuma komai bai shiga ba. Da can yana yanka a karkace ƙofa ta karɓa bayan ɗan lallashi. Yau ya yanka sak, ta ƙi shi ɗungurungum. Ya rasa ta inda zai kama zancen.

Washegari ya daure ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya auna ƙasan ƙofofin. Kowacce ta fi samanta matsewa da faɗin yatsa. Duk bakwai ɗin. Ya tashi da ƙyar ya nufi wurin maginin da ya yi ginin, abokin aikinsa tun suna samari, ya same shi a kan tsani yana shafe.

"Sauko, mutumina. Yau ni zan ce maka saura kaɗan. Ƙofofinka a karkace suke."

Magini bai ko juyo ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"To ba kai za ka yi ƙyamaren ba?"

"Ni ne."

"Shi ya sa." Ya sauko, ya goge hannu a wando. "Kai in ka kama zarto, kafin ka kai ƙasa hannunka ya ci ciki. Wata rana yatsa guda, wata rana ya ɗan fi. Tun tuni na gane. In aka ce mini kai ne kafinta, sai in matse ƙasa da yatsa ɗaya, don kada iska da ɓera su riƙa shiga wa mutane."

"Shekara da shekaru, ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"In faɗa maka me? Hannunka ne. Matarka fa, ta taɓa faɗa maka akwai kwali a ƙarƙashin ƙafar teburinku?"

Bai san da kwalin ba.

"Yanzu kuma ka je ka miƙe ba ka sanar da kowa ba," in ji magini. "Ai ba a yin haka."

Saura-Kaɗan ya daɗe a shago yana kallon jagora. Ba za a rushe bangon Yaya ba, wannan ya sani. Ya san kuma in ya bi ƙyamaren ɗaya bayan ɗaya yana ferewa da ido, ya koma gidan jiya ke nan, a gaban shaidu. Daga ƙarshe ya ɗauki guduma, ya ɓanɓare tokaren ƙasa, ya sa yatsansa ya auna, ya matsar da shi, ya sake kafewa. Yana bugawa yana girgiza kai. Abin da ya ƙera don ya raba shi da karkata, ga shi da hannunsa yana koya masa karkata. Ya bi ƙyamaren bakwai ya sake yanka.

Duk suka shiga, ba ferewa, ba cusa komai. Yaya ta tura na ɗakinta, ya rufu a hankali. Ta buɗe, ta sake rufewa, ta dubi maƙwabtanta.

"Kun gani? Ƙanena ya miƙe. Daga yau kada in ƙara jin sunan nan a bakin kowa."

Ya sunkuya ya hau tattara kayan aikinsa.

Yanzu jagora biyu ne rataye a bangon shagonsa, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya mai karkata, kuma kafin ya karɓi aikin ƙyaure sai ya tambaya, "Wa ya yi maka ginin? Ka faɗa masa ni ne kafinta?" Magini kuma ya koma aiko masa da tambaya, "Wannan karon a miƙe za ka zo ko yadda ka saba?" Wani lokaci kowannensu ya gyara don ɗan'uwansa, su sake saɓawa.

Yaya dai ta cika alkawari. Kwanan baya ta tsaya a bakin shagon tana kira, "Malam kafinta! Malam kafinta!" Yana ta buga ƙusa abinsa, yana mamakin me ya hana maƙwabcinsa amsawa. Sai da ta shigo ta dungure masa kai.