Jakar da Aka Auna da Yayana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, wanda ya sanar da ɗan Adam sana'ar allura da sana'ar ƙarfe, ya kuma ɓoye masa ranar da zai ajiye su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka. Wata ranar Asabar ce a watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1411, wato Oktoban 1990, ina ɗan shekara goma sha uku, na taso daga makaranta na biya ta warshar mahaifina, wato shagon aikinsa, da ke unguwar Hindawiyya a nan Jidda. Ina shiga na tarar da yayana Habibu kwance a miƙe bisa wani tamfol mai launin ƙasa, hannuwansa manne da cinyoyinsa, Baba kuma yana durƙushe da farin alli yana zagaye shi. Habibu sai dariya yake yi, wai allin yana yi masa cakulkuli a tafin ƙafa. Ni ma na tsaya ina dariya. Babu abin da nake kunyar tunawa a ƙuruciyata kamar wannan dariyar.

Mahaifina, Malam Haruna, a Jidda aka haife shi. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa don sauke farali, ya sauke, bai koma ba. Sana'ar Baba ita ce gyaran kujerun motocin alhazai. Da an gama aikin Hajji sai manyan motocin su yi layi a lungunmu, kujerunsu a yage, sosonsu a waje, a shafe watanni ana kwancewa ana ɗinkewa. Aikina shi ne sharar warsha, da sayo gurasa da wake da hantsi, da zare tsofaffin ƙusoshi in tara a gwangwani. Ladana kuwa ragowar soso, wanda muke ɗaurewa da roba mu yi ƙwallo, da abin da nake tsinta a ƙarƙashin kujeru: ƙwayar carbi, ƙwallon dabino, wani lokaci takalmin jariri ƙafa ɗaya. Baba yana da wata ɗabi'a da duk lungun ya san shi da ita: bai yarda da tef ɗin awo ba. Yakan ce, "Tef ba ya gajiya, bayan alhaji kuwa yana gajiya." Don haka ba ya yanka sai ya zaunar da mutum ya zana, sa'annan ya ɗauki awon da igiya ya ƙulle. In ya gama kujera sai ya dafa ta ya ce, "Allah ya kai mai zama lafiya."

A wannan shekara motocin alhazai ba su daɗe a layi ba. Tun cikin Muharram, da labari ya zo cewa sojojin Iraƙi sun shiga Kuwait, lungunmu ya fara sauya kama kamar fuskar mara lafiya. Mai fentin da ke gefenmu, wanda ya saba zana furanni a jikin motoci, ya koma fesa launi ɗaya tak, launin yashi, a kan kowace tanka da aka kawo masa. Mai waldar da ke ƙera ƙofofin gidaje ya koma haɗa gadajen ƙarfe masu hawa biyu. Mu kuma kafilin warsha, wato ɗan ƙasar da sana'ar ke ƙarƙashin sunansa, ya aiko a ture kujeru gefe, aka shiga ɗinkin tantuna da buhunan yashi. Daga baya na ji daga masana cewa a babban yaƙin Turawa haka masana'antun motoci suka koma ƙera jirage da motocin sulke. Ban yi mamaki ba, domin na ga ƙaramin misalinsa da idona: keken ɗinkin bai canza ba, allurar ba ta canza ba, hannun ma shi ne, amma da ka shiga ka ji ƙarar ka san ba don alhazai take yi ba.

A safiyar waccan Asabar wakilin kafili ya kawo takarda mai zanen wata doguwar jaka, da zif daga sama har ƙasa, da mariƙai shida. Ya ce tsawon mutum da ƙarin taƙi ɗaya, a ɗinka samfuri zai karɓa ranar Laraba, ya fice yana sauri. Baba ya ɗauka jakar kwanciya ce saboda sanyin sahara, sai ya yi abin da ya saba: ya nemi wanda ya fi kowa tsawo. Habibu kuwa ya shigo gaishe shi ne kawai. Direban tankar ruwa ne, shekararsa ashirin da biyu, kuma masu motar sun ba da ita ga aikin soja, ranar Alhamis zai tafi da ita can gabas kusa da iyaka.

Akwai wani dattijo ɗan Sudan da ke ɗinki tare da Baba, muna kiransa Am Usman, wato Baffa Usman, ya taɓa aikin soja a ƙasarsu. Ya dawo daga alwala, ya ɗauki takardar ya duba, ya dubi ƙasa. Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba. "Ya Haruna, tayar da yaron nan. Mai barci ba ya bukatar mariƙi shida." Habibu ya tashi zaune. Siffarsa ta rage a kan tamfol da farin alli, kai da kafaɗu da dogayen ƙafafu. Baba ya yi ta'awwuzi, ya ajiye allin da ke hannunsa. Habibu ne ya yi ƙarfin hali ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, Baba, ai ko banza an san ba za ta matse ni ba." Babu wanda ya taya shi dariya. Baba ya ce ya riga ya karɓi aiki, kuma suturta mamaci ba abin kunya ba ne. Ya yanka a kan zanen, ya ɗinka, ya gargaɗe mu kada maganar ta shiga gida.

Kwana biyu na riƙe ta, a na uku ta fi ƙarfina. Inna, mahaifiyarmu, ta ga na tsame hannu daga shinkafa, ta tsare ni da ido, na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe kwanon a hankali ta ce, "Ilyasu, ka kawo mini ita." Washegari Talata, da aka kira azahar masu warsha suka ja ƙofa suka nufi masallaci, na shiga ta baya, na cusa jakar a buhun shinkafa na ruga gida. Ina jin liman yana kabbara ina gudu da kayan sata a ka. Inna ta karɓa ba ta buɗe ba, ta hau soro ta tura ta ƙarƙashin tankin ruwa.

Bayan la'asar Baba ya shigo. Bai tambayi kowa ba, ƙurar buhun da ke kan hulata ta ishe shi. Ya zauna a tabarma, ya yi wa Inna magana irin ta malamai, a natse: cewa ajali rubutacce ne, tamfol ba ya jawo shi, tankin ruwa ba ya ɓoye mutum daga gare shi, kuma camfi ƙofa ce da mumini ba ya leƙawa. Ya ƙara da cewa gobe da safe za a zo karɓa, shi kuwa bai taɓa saɓa alkawari ba. Inna ta bari ya kai aya, sa'annan ta ce, "Malam, duk abin da ka faɗa a bakinka na koye shi, ban musa ko ɗaya ba. Amma a kan wannan za a yanka sauran, ko ba haka ba? Kowacce tsawon Habibu. In aka buga ƙofar nan aka shigo mini da shi a cikin ɗinkin hannunka, da wane ido zan ƙara dubanka?"

Na san Baba yana da amsa, domin na sha ganin ya warware mas'alar da ta fi wannan. Bai ba da ita ba. Ya miƙe ya ce in biyo shi. A warsha ya jawo sabon tamfol daga na tantuna ya shimfiɗa, ya cire hularsa ya miƙa wa Am Usman, ya kwanta a miƙe, ya manne hannuwansa. "Kai ka ɗauke waccan," in ji shi, "kai za ka zana wannan." Na durƙusa. Allin ya karye sau biyu a hannuna. Da na zo wajen kansa na ga furfurar da ban taɓa lura da ita ba, idanunsa a rufe, leɓɓansa suna motsi. Ba tare da ya buɗe ido ba ya ce, "Kada ka yi mini rowa, ɗan nan. Ka ƙara taƙi biyu, akwai dogaye a cikin 'ya'yan mutane." Sa'annan ya sa na ɗauki tsawonsa da igiya na ƙulle, kamar yadda yake yi wa kowane aiki. Kafin magariba ya gama ɗinki. Igiyar kuwa na sa ta a aljihu, bai tambaye ni ita ba.

Habibu ya tafi ranar Alhamis. Watannin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Aka manna salatef a gilasan tagogi, aka riƙa gwada jiniya muna cikin aji, malami ya yi shiru har ta gama. Wasan ƙwallo ya mutu a lungu, yara suka koma wasan wanda zai riga ganin jirgi. A cikin Rajab aka fara yaƙin sosai, saƙon Habibu ya yanke. Warsha kuwa ba ta tsaya ba. Jakunkunan suna taruwa a kusurwar da kujeru suke a da, kowacce an yanka ta a kan siffar Baba, ni nake ninke su. In ya gama ɗaya sai ya dafa ta kamar yadda yake dafa kujera, amma addu'ar ta sauya: "Allah ya sa a rasa mai shigarki." Inna kuma kullum sai ta hau soro shanya, ko da babu wanki.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi, da hantsi, aka buga ƙofa. Inna ta kasa tashi, ni na buɗe. Habibu ne, a kan ƙafafunsa, ya rame ya yi baƙi, yana tari saboda hayaƙin rijiyoyin man da aka ƙona. A ranar Inna ta sauko da jakar, ta farke ɗinkin da reza zare bayan zare, ta mai da tamfol ɗin rumfa a soro. Mun sha ruwa a ƙarƙashinta azumi da yawa. Ba ta taɓa cewa ɓoyonta ne ya dawo da shi ba, Baba ma bai taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Baba ya rasu bayan shekara goma sha takwas, a kan shimfiɗarsa, cikin aminci. Da mai wanka ya tashi yanka likkafani ya nemi abin awo, sai na ciro igiyar daga aljihu. Ƙullin yana nan inda hannuna na ƙuruciya ya ɗaure shi, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Yau babu warshar, kujerun motoci ma daga waje ake kawo su a ɗinke, ba mai zaunar da mutum ya auna, ba mai dafa su ya yi addu'a. Ina karantar da ɗalibai babin ƙaddara, ina faɗa musu abin da Baba ya faɗa wa Inna ba tare da na rage harafi ba, domin shi ne gaskiya. Sai dai in na rufe littafi, ba hujjarsa nake gani ba, shi nake gani kwance a kan tamfol. A ranar na san cewa mai ilimi yakan ci gardama, mai rahama kuwa yakan kwanta a wurin ɗansa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa alluranku su tsufa a kan ɗinkin zaman lafiya, ya dawo muku da duk wanda ya fita daga gidajenku a kan ƙafafunsa. Amin.