Buhun da Na Ajiye a Bakin Mayo

Duk farkon zangon karatu, idan yara suka buɗe sababbin littattafan rubutunsu, ƙanshin sabuwar takarda yakan cika ajina, ni kuwa sai in fita bakin ƙofa in tsaya. Yaran ba su san dalili ba. Kai ma ba za ka sani ba sai na ba ka labarin Bappa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu, bayan mahaifina ya rasu.

Gidanmu na ƙasa ne a cikin Mubi, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Bappa malamin firamare ne, amma aikin da ya ba zuciyarsa daban yake. Ya gaji wata gafaka ta fata daga kakansa, cike da tsofaffin takardun ajami: waƙoƙin wa'azi da Fulatanci, a kan mutuwa da kwanciyar kabari da dogaro ga Allah. Takardun sun yi ja, gara ta ɗan ci gefensu. Mu kuwa yaran gidan Hausa ta riga ta cinye bakinmu, Fulatancinmu bai wuce na gaisuwa ba, balle karatun ajami. Shi ne ya ƙudurta mayar da waƙoƙin Hausar boko, don kada su mutu a hannunsa.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Fulatancin takardun tsoho ne, akwai kalmomin da ko shi bai taɓa ji ba. Mai sanin su ita ce Kaka, mahaifiyarsa. Idonta ya daɗe da rufewa, ba ta taɓa karanta harafi ba, amma waƙoƙin duka suna kanta, ta ɗauke su daga bakin uwarta wajen daka da kaɗi. Bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ya karanta baiti, ita ta rera shi, sannan ya faɗa mata yadda ya juya shi da Hausa. Ni ina jingine da cinyarta, ina jin muryar tana fitowa tun daga cikinta.

Sukan yi gardama. Na tuna wata rana ta buga sandarta a ƙasa.

“Haƙuri kuma? Komai ka ce haƙuri? Wannan ba haƙurin wanda aka taka wa ƙafa ba ne. Na macen da ta dawo daga kallon an fita da gawar ɗanta ne, ta hura wuta ta ɗora wa sauran tukunya.”

“To Inna, Hausa ba ta da kalmar.”

“Sai ka nemo. Ba kai ne malam ba?”

Kwana tara ya yi a kan wannan baiti ɗaya.

Da damina, idan rana ta leƙo bayan ruwa, yakan shanya takardun a kan tabarma ya danne su da 'yan duwatsu, a hana mu guje-guje. Da bazara kuwa zufa ke ɗiga daga haɓarsa, sai ya sa tsumma a ƙarƙashin hannunsa don kada rubutun ya ɓaci. Wasu dattawa sun ce masa idan ya sa maganar Allah a boko, wata rana da ita za a ƙunshe ƙosai. Wasu samari kuma suka ce waƙoƙin tsofaffi ba su da tushe. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Littafi ya cika, ya rubuta lamba a bangonsa, ya buɗe wani. Kaka ta rasu shekarar da aka yi mini aure, saura waƙa uku a gama. A lokacin littattafan sun kai goma sha bakwai.

Na sha roƙonsa ya ba ni in kai a ɗauki hotonsu a shagon kwafi. Sai ya ce ba a kai wa baƙo tuwon da bai nuna ba, in bari ya sake bin su.

Sai shekarar gudu ta zo. Duk mutumin Mubi ya san ta, ba sai na faɗi sunan waɗanda suka shigo ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai ba a girbe ba. Da hantsi muka fara jin harbi. Mijina yana Yola, ni kuwa ina goyon 'yata mai wata takwas, sai na ruga gidan Bappa. Na same shi ya rataya gafakar a kafaɗa, ya zuba littattafan a buhun shinkafa ya ɗaure bakinsa.

“Ɗauki wannan,” ya ce. “Ni ba zan iya biyu ba.”

Na ɗora buhun a ka, goyo a baya. Muka bi ta gonaki wajen Gella, cikin mutane ba iyaka, Musulmi da Kirista, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi. Bappa yana dogara sanda, tafiyarsa a hankali. A rana ta biyu aka yi wata firgita, jama'a ta watse cikin dawa, na neme shi na rasa. Nonona ya ƙafe. Jikin yarinyar ya yi zafi, har ta daina kuka, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Muka iso wani mayo, wato rafi, ruwan ya kai ƙirji. Dole in kwance goyon in ɗaga ta sama da hannu biyu. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai maza a wurin, da na roƙi ɗaya wataƙila ya haye mini da buhun. Ban roƙa ba. Wuyana ya gaji, kuma a wannan lokacin na tsani buhun nan. Na tura shi ƙarƙashin wata tsamiya, na rufe da ciyawa, na ce a raina zan dawo.

A harabar wata makaranta a Maiha na sake ganin Bappa, zaune a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura, gafakar tana cinyarsa. Ya dubi kaina. Sannan ya dubi bayana.

“Tana numfashi?”

“Tana yi.”

“Alhamdu lillahi.”

Bai ƙara tambayar komai ba, ni ma ban iya faɗa ba.

Da aka koma gida bayan watanni, na hau babur na nemi wurin. Mayon ya ƙafe, an ƙone dajin kamar yadda ake yi da rani. A gindin tsamiyar na tona toka da yatsuna. Abin da na samu kawai 'yan ƙananan wayoyin nan ne da ke riƙe tsakiyar littafi, sun yi baƙi. Aikin shekara ashirin da shida.

Bappa ya sayi sabon littafi ya fara daga farko. Amma idonsa ya yi rauni, kuma idan ya iso kalma mai wuya sai ya juya gefen da Kaka take zama. Wata la'asar na durƙusa gabansa na faɗa masa duk yadda aka yi, har da mazan da ban roƙa ba.

“Ni na ɗora miki kaya biyu,” ya ce. “Kuma ni na yi kuskuren zaɓi. Na rungumi takardun kakana, na ɗauka su ne asali. Ashe Inna tana cikin buhun.”

Bayan shekara biyu ya rasu. Littafin bai kai rabi ba.

Yanzu gari ya cika ya koma hayaniyarsa, an yi sababbin shaguna, kowane yaro da waya a hannu. Ni ma da wayata na ɗauki hoton takardun ajamin shafi-shafi, na tura wa 'yan'uwa a garuruwa uku. Wuta ba za ta ƙara cin su ba. Na koyi karatun ajami da girmana, ina iya furta kowane baiti. Ma'anar ce take kuɓuce mini. Idan an yi hutu nakan shiga ƙauyuka ina neman tsofaffi.

Watan jiya aka kwatanta mini wata tsohuwa a wata ruga bayan Betso. Na same ta a inuwar bukka, na gaishe ta, na karanta mata baitin da ya tsaya mini. Tun ban kai ƙarshe ba ta kama rera shi, hawaye yana bin kumatunta. Ta ce rabonta da jin sa tun uwarta tana raye. Na buɗe littafina, na cire murfin biro, na tambaye ta abin da kalmar tsakiyar take nufi.

“Ai 'yata, mu rerawa kawai muka yi. Ba mu tambaya ba.”

Na mayar da murfin biron. Ta kama hannuna ta ce in ƙara karanta mata. Na ƙara, ta bi ni, har aka kira sallar azahar.