Munduwar Kulu

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Labbo, maƙerin fari, mai ƙera mundaye da zobba da 'yan kunne na azurfa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Duk shekara idan damina ta ja baya, wato lokacin da ya rasu, sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, sai hidimar jikoki ta cinye ni. Bana dai na ce ko tuwo zai ƙone sai na zauna, don waɗanda suka san shi suna ta raguwa, ni ma kuma ba yarinya ba ce.

Wanda bai san Yaya ba zai ɗauka mai girman kai ne. A ƙasarmu gaisuwa sai an tambayi gida da gajiya da iyali har da dabbobi, amma shi sai ka gan shi tafe daga bakin gulbi, kai a sunkuye, yatsa na yawo a tafin hannu. Ka yi masa sallama, ya amsa a gajarce ya wuce. Dattawa sun sha kai ƙararsa wurin mahaifinmu. Dalili kuwa, Yaya ba ya ƙera zanen da bai gani da idonsa ba. Zai tsuguna gaban 'ya'yan bagaruwa, ko ɓawon kifi, ko saƙar gidan tsuntsu, ya yi ta kallo har ƙafa ta yi masa tsami, sannan ya ɗauko zanen a ka zuwa maƙera kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. In ya tsaya doguwar gaisuwa, zane ya zube. Da la'asar sai ya bi gida gida yana rama gaisuwar da ya tsallake.

Ni aka aurar da ni Bakura, kuma ni ce dillaliyarsa. Shi ya ƙera, ni in shiga gidaje in nuna wa mata, ran Talata kuma mu haɗu a kasuwar Mafara in karɓi sababbi. Na san kayansa kamar yadda na san 'ya'yana.

Sai aka zo aikin madatsar ruwan Bakolori. Ƙauyenmu na ƙasar Maradun yana cikin waɗanda ruwa ya cinye, aka kwashe mutane aka kai su wani tudu mai duwatsu. Ba zan tone abubuwan da suka faru a shekarun nan ba, masu shekaruna sun sani, kuma har yau akwai gidajen da ba a so a tayar da zancen. Nawa dai in faɗi abin da ya sami Yaya: idonsa ne ya rufe. Ba makanta ba, lafiyarsa ƙalau. Amma babu gulbi, babu bagaruwa, babu mashaya, sai ya rasa abin da zai tsuguna wa. Ya koma liƙin tukwane da gyaran fitila. Ya zama mai gaisuwa har da wuce wuri, ya tsare mutum a hanya sai an gaji da shi. Kowa na yabon ya yi hankali, ni kuwa abin tsoro yake ba ni, don na san hannunsa ne ke mutuwa.

Wata Talata sai ya miƙo mini munduwa sabuwa, yana murmushi irin wanda na daɗe ban gani ba. Zanenta layuka ne bibbiyu suna haɗa kai, jere reras har su zagaye hannu. Na ɗauka ƙayar kifi ce, haka kuma na riƙa gaya wa mata. Matan leburorin dam suka yi mata ca, daga Mafara har Bakura kowace amarya ita take so. Na yi murna ƙwarai, na ce Yaya ya dawo.

A lokacin ne Kulu ta neme ni. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, 'yar ƙauyenmu, tana aure wajen Morai. Za ta aurar da 'yarta ta fari. Al'adarmu ita ce uwa ta kai tsohuwar azurfarta a narka, a ƙera wa 'ya sabuwa daidai hannunta, kuma ba a zaɓa wa maƙeri zane, abin da idonsa ya ba shi shi zai yi. Kulu ta kwance bakin zane ta ba ni munduwar mahaifiyarta, ƙirar babanmu, wadda ta suɗe don tsufa. Ita kaɗai ce abin da ta mallaka daga ƙauyen. Na kai wa Yaya, ya narka, ya yi mata zanen da ake yayi.

Da na kai mata, ta juya ta a hannu tana duba zanen.

"Hajo," ta ce da ni, "wanga zane, ina yag gane shi?"

Na ce ai ƙayar kifi ce.

"Ba ƙayar kihi ta ba. Sawun katahilar masu aikin dam na. Ni nik kai ma Malam hura gona ranar da tat taka muna dawa, awa haka tab bari bisa laka. Shi za ni sa ma ɗiyata ga hannu ta shiga ɗaki da shi?"

Washegari na hau mota na mayar wa Yaya, na faɗa masa yadda muka yi. Ya zauna daɓas a kan turmi. "Wallahi Hajo, ni ban ga katahila ba," ya ce. "Ruwa anka yi, nib biyo hanya, zane nig gani."

Na yarda da shi, har gobe. Amma azurfar ta riga ta narke, babanmu ya rasu, Kulu kuma ta ce ba ta son komai sai zanen uwarta. Yaya ya tuna ko mene ne: irin shacin nan da ruwa ke bari a kan yashi idan gulbi ya janye, na mashayar ƙauyenmu. Mashayar tana ƙarƙashin dam. Ya gwada fitar da shi daga ka a jikin gwangwani, ya fito a mace, ya jefar.

Sai ya tattaro kayan aikinsa ya taho Bakura ya sauka gidana, don gulbin yana bi ta wajenmu. Kullum da safe ya gangara, ya dawo hannu rabbana, ya gaida kowa. Gulbin ma a lokacin ya daina bin damina, sai ranar da aka buɗe masa ƙofar dam. Biki na matsowa, Kulu ba ta aiko ba, shirun nata kuwa ya fi aike ciwo. Da aka saki ruwa, ya yi kwanakinsa ya janye, sai ga Yaya ya wuce maigidana da abokansa a ƙofar gida, kai a sunkuye. Maigidana ya yi dariya ya ce, "Ku ƙyale shi, ya ɗauko." A maƙerar wani ɗan'uwan sana'a ya sake narka munduwar, ya yi mata zanen da ya gani a kan yashi.

Wannan karon da kansa ya raka ni. Kulu ta shafa zanen da babban yatsa, ta sake shafawa.

"Ba shi na ba, Labbo," ta ce.

Ya miƙa hannu zai karɓa, ta janye nata.

"Bar ta. Kak ka ƙara sa ta wuta. Wadda tas sha ta isa."

Da ita 'yarta ta shiga ɗaki. Yaya bai ƙara ƙera zanen katafila ba, duk da mata sun yi ta naci. Zan faɗi gaskiyata ko za a ji haushi: a duk abin da ya ƙera, babu wanda ya kai shi kyau. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba, ko laifi ne mutum ya ga kyau a jikin abin da ya cuce shi. Na dai san ta hanyarsa idon Yaya ya buɗe, kuma bai sake rufewa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kasuwar Mafara cike take da sarƙoƙin waje masu ƙyalli, waɗanda damina ɗaya ke koɗar da su. 'Yan mata a waya suke zaɓen zane, wanda ya ƙera bai san hannun da zai sa ba. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Ina jin zai tsuguna gaban farantin sola ko ledar ruwa da ta maƙale a ƙaya, yara su yi masa dariya. Abin da zai dame shi shi ne mutanenmu da ke sake barin ƙauyukansu da ƙunshi a ka, wannan karon ba ruwa ne ya kore su ba. Zai tambayi abin da matan suka ƙulla a bakin zane.

To me ya rage nasa? Maƙera ta mutu, 'ya'yansa ɗaya direba ne, ɗaya yana sayar da waya. Yawancin kayansa an narka, an sayar a shekarun wuya. Kulu ma ta rasu. Amma kwanan baya, a wani suna a Bakura, wata matashiya ta durƙusa ta gaishe ni, na ga munduwar a hannunta. Jikar Kulu ce. Ta ga ina kallo, sai ta ce cikin alfahari, "Gwaggo, zanen garinmu na asali na, wanda ruwa ya ci."

Na buɗe baki zan ce mata yashin Bakura ne, ga shi can bayan gari, sai na fasa. Ruwan da ya zana shi ai ta kan ƙauyenmu ya biyo.