Cokalin Mama da Lasisin Auta

Ana idar da sallar asuba muka bar East Greensboro da ke nan Amurka, mu uku: ni da Mama, da autanmu a kan sitiyari. Tafiyar ko awa biyu ba ta kai ba, amma a wurin Mama duk wanda rana ta riga shi fita ba matafiyi ba ne. Guzuri kuwa kamar masu zuwa Makka ta ƙasa: ƙosai, dambun nama, shayi a filas, da kwandonta na kofuna da cokula. Na san labarin tafiyar nan ya riga ni isa wayoyinku, ku 'yan guruf ɗinmu na mata, an kuma ƙara masa gishiri son rai. To ku zauna ku ji shi daga bakin mai laifin.

Wata gonar hemp muka nufa, can wajen duwatsu, don sayo wa Mama man CBD. Gwiwoyinta sun daɗe da hana ta sakat. A kujera take sallah, barci kuma sai dai ta yi ta juyi. Hemp ɗan'uwan wiwi ne, ban ɓoye wa kowa ba. Bambancin shi ne abin da ke sa maye, wanda suke kira THC, ɗan mitsitsi ne a cikinsa, shi kuwa CBD ba ya bugarwa. Ba da ka na yi abin ba. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, na ga abin da shan magani barkatai yake yi wa mutum. Sai da na kwashi duk magungunan Mama a leda na zube su gaban likitarta. Ta duba, ta ce babu mai tsinka jini a ciki, babu na farfaɗiya, hantarta kuma lafiya lau, don haka a gwada, amma a fara da miligiram biyar da yamma. Ta kuma faɗa mini gaskiya: inda aka tabbatar da amfaninsa sosai shi ne wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, maganar ciwon gaɓoɓi da barci kuwa har yanzu ana kan bincike. Wani ya ji sauƙi, wani ko gezau.

Akwai mutum ɗaya da ba shi da rabo a kwalbar nan, shi ne mai tuƙa mu. Auta direban tirela ne. A kamfaninsu ana kiran mutum gwajin fitsari ba sanarwa, kuma idan aka ga ɓurɓushin THC, ba ruwansu da ko daga magani ya fito. Sauke shi za a yi daga mota, lasisinsa ya shiga uku. Yara uku gare shi, matarsa ga tsohon ciki, ga haya. Bayansa kuma ya lalace da zaman mota, in zai miƙe sai ya dafa ƙugu kamar tsoho. Tun kafin mu fito na ja masa kunne, ya ce, "Haba Yaya, ai na fi ki sani."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Mama. Makonni ta yi tana cewa ita ba za ta sha wiwi da furfurarta ba, sai rana ɗaya ta wayi gari tana tambayar yaushe za mu tafi. Na yi murna, ban tsaya tunanin dalili ba.

Gari na wayewa muka shiga Summerfield. Gidaje a baje, kowanne da filinsa kamar na ƙwallo, ga shinge fari fat, ga dawakai an rufe musu fuska da raga saboda ƙuda. Mama ta leƙa ta taga ta ce dokin garin nan ya fi wasu magidanta gata. Daga nan hanya ta tsuke ta fara lanƙwasa, coci bayan coci, gonakin masara da ta bushe a tsaye, da tsofaffin rumbunan katako da ake busar da taba a da, wasu sun karkace suna jiran iska ta ƙarasa su. Fetur ya ɗan fi sauƙi a ƙauye, sai muka tsaya muka cika tanki. A shagon gidan man ana sayar da biskit ɗin nan nasu mai laushi da ƙwai a tsakiya. Na tambayi yarinyar da wane mai aka yi shi, ta shiga ciki ta dawo ta ce da kitsen alade. Muka koma wa ƙosanmu, mun ma fi riba.

A nan ne Auta ya fito daga mota yana cije leɓe, ya jingina da ƙofa kafin ya iya miƙewa sosai. Idon Mama bai bar bayansa ba har ya koma ya zauna.

Gaba kaɗan muka tarar da wani dattijo a bakin titi da tukunyar dafaffiyar gyaɗa da kwandunan tuffa. Mama ta ce a tsaya. Ta nemi ragi da hannu da ka, mutumin bai gane me ake nufi ba, ya ƙara mata tuffa biyu yana dariya. Gyaɗar ta dahu luguf, sai dai gishiri kamar an yi faɗa da shi. Ta yi ta kushe ta har ta cinye.

Warin gonar ne ya fara tarbar mu kafin gonar kanta. Lokacin girbi ne, an rataye damman ganye a rumfa suna bushewa. Mama ta sauko da sandarta, ta ƙare wa shukar kallo, ta ce, "Ikon Allah! Wannan ai rama ce ta yi ƙiba." Mai gonar wata dattijuwar Baturiya ce, hannayenta duk sun yi kanta. Ta ce taba iyayenta suka noma a filin nan har kasuwarta ta mutu. Ta zaunar da mu a baranda, ta kawo shayin nan nasu mai ƙanƙara da sukari kamar zuma, wanda Mama ta karɓa don kara ta ajiye a ƙasan kujera.

Na tsare matar da tambayoyi, ba ta gaji ba. Ta nuna mini sakamakon gwajin da wani ɗakin bincike na daban ya yi wa man, ta ce duk mai sayarwar da ya kasa nuna irinsa, in juya in tafi. Ta ce kada girman kwalba ya ruɗe ni, in duba miligiram nawa ne a cikin awo ɗaya na ɗan bututun gilashin da ake ɗigawa da shi. Da muka lissafa, abin da likita ta rubuta wa Mama bai wuce ɗigo kaɗan ba. Ana ɗiga shi a ƙarƙashin harshe, a riƙe kamar minti guda kafin a haɗiye, a yi mako a kan awo ɗaya kafin a yi maganar ƙari. In aka zarce, ga kasala, ga bushewar baki, ga gudawa. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. Akwai wanda aka yi kamar alawa ana taunawa, na bar mata shi saboda ba ta da tabbacin irin dabbar da aka samo sinadarin ɗaure shi, na ɗauki wanda aka haɗa da man kwakwa, babu barasa a ciki. Kwalbar ba ta fi yatsa tsawo ba, kuɗinta kuwa sai ya sayi buhun shinkafa ya yi saura.

Ni ce tafinta. Mama ta taɓo ni ta ce, "Ke, tambaye ta. Yana maganin ciwon baya?"

Nan take na gane. Ashe ba don gwiwarta ta yarda da tafiyar nan ba. Na dai tambaya. Matar ta dubi Auta ta ce wane aiki yake yi. Da ta ji, sai ta girgiza kai ta ce kada ya kuskura, ko wanda aka rubuta babu THC a jikinsa ba za ta rantse a kai ba. Na fassara wa Mama kalma bayan kalma, ban rage komai ba. Ta ce, "To." Ta karɓi kwalbar ta jefa a jakarta. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan "To" ɗin ba yarda ba ce.

A hanyar dawowa muka tsaya wani wurin hutawa mai tebura a ƙarƙashin itatuwa, ana hango duwatsu shuɗi-shuɗi. Muka yi azahar, muka baje sauran guzuri. Ina wanke kofuna a famfo, na juyo na ga Mama ta ciro cokalin da take shan zuma da habbatussauda da shi, ta tsiyaya man nan ya kusa cika. A wurinta haka ake shan magani, cokali da safe, cokali da yamma, kuma uwa ba ta samun abu mai amfani ta hana ɗanta. Ta yi bisimilla ta miƙa wa Auta. "Buɗe bakinka."

Namiji da gemunsa, uban yara uku, wanda ya ce ya fi ni sani. Ya dube ni, ya dubi cokalin, wallahi sai ga shi yana sunkuyowa. Ban ga laifinsa ba. A gidanmu ba a taɓa mayar da hannun Mama ba, ko maɗaci ta miƙo haɗiyewa ake yi a yi godiya.

Na yar da kofunan na cafke wuyan hannunta. Man ya zube a kan mayafinta.

"Hannuna kika riƙe?"

"Na riƙe, Mama."

"Matar ta ce ba ya sa maye. Likita ta yarda. Yaron nan ko takalmi ba ya iya ɗaurawa, ina kallo, sai in sha ni kaɗai?"

"Ke aka yarda wa, Mama, ba shi ba. In ya sha aka gwada shi, aikinsa ya tafi. Wa zai ci da yaran?"

Hawaye na zuba, amma ban saki hannun ba sai da ta ajiye cokalin. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa don kunya, yau ga ni riƙe da hannunta a bainar jama'a. Na ji zafin abin har cikin ƙashina.

Muka koma mota muka kama hanyar Greensboro. Mama ta ɗauko waya ta kira wata Anti a Glenwood, ta sa a sifika don in ji da kyau, ta ce yau 'yar da ta haifa ta murɗe mata hannu a gaban Turawa. Kafin mu wuce Summerfield wayata ta fara kuka. A guruf ɗinmu na mata wasu suna cewa Amurka ta cinye mini tarbiyya, wasu suna cewa dama wadda ta kai uwarta gonar wiwi me ya rage. To ku saurara. Masu maganar wiwi, ni ba malama ba ce, na tambayi wanda na yarda da iliminsa, ku ma ku tambayi naku. Masu maganar tarbiyya kuwa, ranar da aka sallami Auta, wace ce a cikinku za ta biya masa haya? In aka sake miƙa cokalin nan gobe, gobe zan sake riƙe hannun, ku rubuta ku ajiye.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne ɗabi'armu ta "sam mini maganin nan in gwada" ba ta da wurin zama a nan. Abin da ya dace da Mama zai iya kwantar da mai shan maganin tsinka jini, ya kuma raba direba da abincinsa. Saboda haka masu jiran tsaraba, akwai tuffa, ku zo ku ɗiba. Kwalba kam ko ɗigo.

Sai dai da muka iso gida da la'asar, kwalbar tana jakar Mama, ta shige ɗaki da ita ta rufo ƙofa. Auta kuwa duk yammar da yake gari sai ya biyo ya gaishe ta ya sha kunun gyaɗar da take dama masa. Na bi shi har mota na ce daga yau kada ya sha komai daga hannunta. Ya ce, "Yaya, kunun Mama zan ƙi? Ki sake shawara." Na tsaya a bakin titi ina ji kamar in kurma ihu. Hannu na iya riƙewa, amma ba zan iya tsaron tukunyarta ba.

Washegari da hantsi ina shirin fita aiki ta fito tana dogara sandarta. Ba ta amsa gaisuwata ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ajiye kwalbar a kan tebur, ta tura ta gabana da yatsa ɗaya.

"Ke za ki riƙa auna mini. Ki sa ta inda ban sani ba. In tana hannuna na ga yaron nan ya dafa ƙugu, wallahi sai na ba shi."