Malam Ma'azu da famfo na tara

Da safiyar nan aka kira ni daga Matameye. An kashe Malam Ma'azu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan la'asar ne, a hanyar da ta wuce Dungu. Mutum uku da bindiga suka tare shi don motonsa, wato babur ɗinsa. Ya ƙi sakin kan moton, suka sare masa hannu da adda, suka fasa masa fuska da gindin bindiga, suka harbe shi, suka jefar cikin ƙaya. Ƙanensa Laminu ya ce da rigarsa aka gane shi.

Ni na ɗora shi a kan wannan hanya. Gara in faɗa da bakina.

Ni da shi muke kula da ƴan akwatunan da ke tada famfunan foraj, wato rijiyoyin burtsatse, masu aiki da hasken rana a ƙauyukanmu. Ni ina rubuta program daga nan Maroko, shi yana can cikin rana.

Makon jiya na yi mizajur, wato sabuntawa, na ɗaga kayan haɗa program ɗin zuwa sabon fitowa. Ashe a sabon an canza sunan wata libreri, wato guntun program na wasu da namu ke jingina da shi kafin ya yi magana da famfo. Tsohon sunan ne a jerinmu. Ba a same shi ba, aka tsallake shi shiru, haɗi ya ƙare ba kuskure ko ɗaya. Na tura wa akwatunan.

Malam yana da doka: ba abin da ke fita sai an yi gwajin bokiti. Akwati ɗaya a teburinsa, ƙaramin famfo, bokitin ruwa. In ruwa bai motsa ba, ba a turawa. Ranar nan rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke a wurinsu, na gaji da jira, na tsallake bokitin.

Famfo tara suka mutu rana ɗaya, a shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rijiyoyi suka ƙafe. Akwatunan kuma suka daina amsawa daga nesa, sai an je an canza musu kart ɗin da program ke ciki da hannu.

Da rezo ya dawo ya kira ni.

"Kai ɗan sanyi! Ka kashe mana ruwa kana can kana shan iska? Wa ka tambaya?"

Ya zage ni tas, kuma na ci zagin. Can ya ce, "To ya isa. Buɗe jerin nan, karanto mini." Shi ya gano sunan. Layi ɗaya tak. Muka share komai, muka sake haɗawa daga tushe, ruwan bokiti ya motsa.

Ya hau moto. Takwas ya tada cikin kwana uku. Na ce na taran ya jira ranar kasuwa ya bi ayari. Ya ce, "Mata na kwana a bakin rijiya, ni in jira kasuwa?"

Ba mutum mai sauƙi ba ne. Ya taɓa jifana da turnabis, wato sukudireba. Amma duk Juma'a sai ya leƙa gyatumata, ya gyara mata rediyo ko da lafiyarta lau, don dai ya zauna ta yi masa hira.

Rabona da shi a tashar Matameye ne, ranar da zan taho. Ya cusa mini ƙullin kilishi a jaka, ya ce, "Je ka koyo. Amma kar ka dawo kana gaishe ni da hannu ɗaya."

Sojoji sun karɓi mulki, sun ce tsaro. Bariya nawa, shingayen bincikensu, ya wuce ana juya takardarsa? Inda aka sare shi babu ko ɗaya. Sai dai in faɗi gaskiya, jandarmomi ne suka ɗauko shi, ɗayansu ya cire rigarsa ya rufe shi.

Abu ɗaya na iya tambayar Laminu: yana tafiya ne ko yana dawowa?

Ya ce, "Yana dawowa ne, Yaya."

Famfo na taran ya tashi. Mutanen ƙauyen suka biyo gawar da jarkoki a kan amalanke, suka ce da ruwansu za a yi masa wanka. Da shi aka yi.

Kar kowa ya rubuto yana ba ni haƙuri yau. Shi za ku yi wa addu'a. Allah Ya jiƙan Malam Ma'azu, Ya karɓi shahadarsa, Ya shayar da shi a Alkausara, Ya tona asirin waɗanda suka taɓa shi. In kun idar, in da saura, ku roƙa mini gafara.