Kwatar Gidanmu da Abincin da Aka Ce Ina Zubarwa

Shekarun baya, lokacin da nake sabuwar zuwa Kafinsoli, kwatar gidanmu kai tsaye take zubawa cikin kududdufin bayan gida, inda shanun unguwa ke shan ruwa. Ana nan sai ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi, ga wari, shanu su sunsuna su juya. Mai unguwa ya aiko cewa a gyara ko a toshe kwatar. In aka toshe ta kuwa, ruwan a gindin ɗakina zai kwanta, ɗakin kuma na ƙasa ne.

Sai maigidana ya kira ƙaninshi, duba-gari ne a Kankia. Ya zagaya, ya dawo yana toshe hanci.

"Matar Yaya, abinci ya yi wa ruwan nan yawa."

Ni kuwa kunnena ba ya barin magana ta wuce. Na ce, "Au, ni ce mai zubar da abinci? Ni da ko ƙanzo sai na jiƙa shi? To tuwon yau ba da kai ba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba tuwonki ba, uwar faɗa. Ruwan wanke-wanke, da na omo, da fitsarin awakin nan, duk taki ne. Shi gansakuka ke ci tana ƙiba. A samo mai cinye shi tun a hanya."

Na ji kunya, amma na dake. Na ce, "Yo ai sai ka yi Hausa tun farko."

Suka haƙa rami mai faɗi a bakin kwatar, suka zuba tsakuwa da yashi, suka dasa ayaba da rake kewaye da shi. Maƙwabtanmu biyu da ke zubawa cikin kududdufin su ma suka yi. Ba a ga canji nan take ba, har na fara yi wa duba-garin gori. Sai da damina ta wuce koren ya ja baya, na leƙa ta katanga na ga shanu sun kafa kai suna sha. Ɗakina yana nan tsaye har yau.

Tun daga nan nake bari mutum ya kai ƙarshen zancenshi kafin in ɗau zafi, ko da yake ba kullum nake iyawa ba.

Ayabar kuwa duk zuwanshi sai ya tsinka. In ya kai baki nakan ce, "Ci a hankali, duba-gari. Abincin da na zubar ne."